Ninki da Amsa-amo a Turancin Ingilishi: Dokokin da Ba a Koyarwa a Aji

Mutum zai iya koyon Turancin Ingilishi tun daga firamare har ya fita jami'a ba tare da wani malami ya taɓa tsayawa ya yi masa bayanin kalmomi irin su "zig-zag", "hocus-pocus", "chit-chat" da "walkie-talkie" a matsayin dangi guda ba. Littattafan nahawun da ake koyarwa da su sun fi mayar da hankali kan lokutan aiki da jam'in suna da jeren kalmomi a jimla, su kuwa waɗannan tagwayen kalmomi sai a bar su a gefe, a ɗauke su wasan baki na yara ko na masu barkwanci. Amma masana harshe sun daɗe da lura cewa yawansu ya wuce a kira su tsintuwa. Tun a 1866 Henry Wheatley ya tattara su cikin ƙamus na musamman a Landan, sannan a 1963 wani masani a Uppsala ta ƙasar Suwidin, Nils Thun, ya rubuta littafi sukutum a kansu, ya bi tarihinsu, ya rarraba su gida-gida. Abin da ya fito fili daga waɗannan ayyuka da waɗanda suka biyo bayansu shi ne cewa ninki, wato maimaita kalma ko wani ɓangarenta, a Ingilishi yana tafiya bisa dokokin sauti masu tsauri, waɗanda ɗan harshen yake bi ba tare da ya san yana bin su ba, kuma aikin da ninkin yake yi a magana ya sha bamban da wanda muka saba da shi.

Wannan bambancin aiki shi ya kamata a fara fahimta. A Hausa ninki ginshiƙi ne na nahawu. Da shi muke nuna cewa aiki ya faru sau da yawa ko ya faɗa kan abubuwa da yawa, kamar yadda yanka ke komawa yayyanka, rubuta ta koma rurrubuta. Da shi muke rabo, mu ce a ba su naira goma-goma. Da shi muke gina sunaye irin su tafiye-tafiye da gine-gine, da shi kuma muke rage kaifin siffa, mu ce ja-ja ko baƙi-baƙi. A harshen Indunusiya "orang" mutum ne, "orang-orang" kuma mutane. Daidaitaccen Ingilishi ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan da ninki, domin yana da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, da ƙananan kalmomi da ya keɓe wa kowane aiki. Da za a kwashe duk ninkakkun kalmomin da ke cikinsa, nahawunsa ko gezau ba zai yi ba. Abin da zai salwanta shi ne wata hanya da mai magana yake bi ya nuna yadda yake kallon abin da yake magana a kai, ko da raini ne, ko wasa, ko shafa kai, ko gundura, ko zargin an yi rufa-rufa. A ganina wannan shi ne mabuɗin lamarin gaba ɗaya, kuma shi ya sa wanda ya san ma'anar irin waɗannan kalmomi daga ƙamus kaɗai yakan yi amfani da su a inda ba wurinsu ba.

Nau'i mafi sauƙi shi ne cikakken ninki, inda ake maimaita gaɓa ko kalma ba tare da sauya komai ba, kuma mafi yawansa daga bakin yara da masu renonsu ya fito: "bye-bye" wajen sallama, "night-night" lokacin kwanciya, "choo-choo" ga jirgin ƙasa, "mama" da "dada" ga iyaye. Jariri a ko'ina cikin duniya da maimaita gaɓa ɗaya yake fara surutansa tun kafin ya cika shekara, kuma a 2016 Mitsuhiko Ota da Barbora Skarabela na Jami'ar Edinburgh sun gwada yara 'yan wata 18 da ƙirƙirarrun kalmomi, suka ga sun fi saurin riƙe sunan abu idan gaɓoɓinsa biyu iri ɗaya ne. Manya sun ɗebi wasu sun shigar cikin zancensu tare da ƙanshin yarintar da ke jikinsu, kamar "no-no" ga abin da ba a yi, "hush-hush" ga abin da ake ɓoyewa, "so-so" ga abin da yake ba yabo ba fallasa, da "goody-goody" ga mai nuna kirki don a yabe shi.

Nau'i na biyu ya fi wannan zurfi nesa ba kusa ba. A nan baƙaƙen kalmar suna zama yadda suke, wasali ne kawai ke sauyawa: "zig-zag", "chit-chat", "mish-mash", "riff-raff", "dilly-dally", "pitter-patter", "tick-tock", "flip-flop", "sing-song", "hip-hop". Duk wanda ya jera su ya duba zai ga abu ɗaya yana ta dawowa, wato ɓangaren farko kusan kullum yana ɗauke da wasalin "i", na biyu kuma yana ɗauke da "a" ko "o". Ba a juya su. Babu ɗan Ingila ko ɗan Amurka da zai ce agogo yana "tock-tick" ko hanya ta yi "zag-zig", kuma idan aka faɗi haka a gabansa zai ji wani abu ya goce a kunnensa ko da ba zai iya cewa ga shi ba. Idan ɓangarorin suka kai uku, jeren yakan zama "i", sannan "a", sannan "o", kamar "bish-bash-bosh" da mutanen Birtaniya ke faɗi idan aiki ya kammala nan take, ko "tic-tac-toe", sunan da Amurkawa ke kiran wani wasan zane na mutum biyu. Masu raɗa wa hajar kasuwa suna ma ba su kauce wa layin ba. Cakulan Kit Kat da manhajar TikTok duk a kansa suke, haka ma Ping-Pong, wanda aka yi wa rajista a Ingila a matsayin sunan kasuwanci na ƙwallon tebur.

Ƙarfin wannan doka yana bayyana ne idan aka tambaya, a cikin ɓangarorin biyu wanne ne kalmar asali, wanne ne ɗan rakiya? A "chit-chat" kalmar da ke ɗauke da ma'anar hira ita ce "chat", amma ba ita aka sa a gaba ba, saboda wasalinta "a" ne, sai aka ajiye mata "chit" a gabanta. Haka "dally", wadda ke nufin ɓata lokaci, ta koma baya a "dilly-dally", haka "washy", abin da ya tsinke ya yi ruwa-ruwa, ta koma baya a "wishy-washy". Hankali zai ce kalmar da ke da ma'ana ita ta cancanci zuwa farko, amma kunne ya ƙi, kuma kunnen ne ya yi rinjaye. Misalin da ya fi kowanne fito da wannan shi ne "shilly-shally", wadda ake faɗa wa mai inda-inda. Asalinta tambaya ce da mai shakka yake maimaita wa kansa, "shall I, shall I", wato shin in yi, shin in yi. Zuwa wajen shekarar 1700 an riga an lanƙwasa ta farkon ta koma "shill I", alhali babu wata kalmar aiki mai wannan siffa da ma'ana a harshen. An ɓata kalma sahihiya don kawai a samu "i" a gaba. Ita kuma "criss-cross", wadda yau take nufin layuka masu gittawa, daga "Christ's cross" ta fito, wato alamar gicciye da ake sawa a farkon jerin baƙaƙe a allon koyon karatu na yaran Ingila a da. Bakin jama'a ya goge ma'anar addinin ya bar sautin, domin sautin ya riga ya zauna daram a kan tsarin "i" sannan "o".

Me ya sa jeren yake haka? A 1975 William Cooper da John Ross sun yi nazarin kalmomin da suke zuwa bibbiyu a daskararren jere, irin su "bread and butter", "this and that", "ladies and gentlemen", suka nuna cewa akwai ƙa'idar da ta ratsa su, wato mara nauyi a gaba, mai nauyi a baya. Kalma mai 'yan gaɓoɓi tana riga mai gaɓoɓi da yawa, gajeren wasali yana riga dogo, wasalin da ake furtawa da harshe a sama yana riga wanda ake furtawa da harshe a ƙasa. Wasalin "i" ana yin sa ne da harshe ya ɗaga gaba kusa da ganɗa, baki a ɗan tsuke, shi kuwa "a" ko "o" sai muƙamuƙi ya sauka baki ya buɗe, kuma wannan saukar tana cin lokaci, shi ya sa ya fi tsawo da amo ko da a rubuce duk gajeru ne. Tun da ɗan Adam yakan ja sautin ƙarshe na furuci, wasali mai nauyi ya fi dacewa da ƙarshen. Abin ya yi kama da lugude, inda taɓarya ta farko take share fage, ta biyu ta sauka da ƙarfi. A 1979 Steven Pinker da David Birdsong sun ba masu jin Ingilishi da masu jin Faransanci tagwayen kalmomin da ba su da ma'ana ko kaɗan, suka ce su zaɓi jeren da ya fi daɗin ji, kuma zaɓin bai zo barkatai ba, ya karkata ga abin da ƙa'idar ta hango. Daga baya, a 2002, Donka Minkova ta ƙara da cewa harshen yana neman wasulan biyu su yi nisa da juna iyakar iyawa, don a ji sauyin sarai, abin da ya sa "i" da "a" suka fi kowane haɗi yawa.

Ni dai na gamsu cewa tushen wannan doka yana cikin baki da kunnen ɗan Adam ne, Ingilishi kawai ya yawaita amfani da ita. Jamusanci yana da "Zickzack" da "Mischmasch" da "Wirrwarr", Faransanci yana da "tic-tac", mu ma idan tattaunawa ta cije mukan ce an shiga kiki-kaka, ba mai cewa kaka-kiki. Akwai kuma dalilin da ya sa ma'anonin wannan nau'i suka taru wuri guda. Wasula biyu masu adawa suna zana gefe biyu, saboda haka kalmomin suka fi yawa wajen motsin kai-komo, kamar "see-saw" da "zig-zag", da ƙarar da ke amsa juna, kamar "ding-dong" da "tick-tock", da zuciyar da ta kasa tsayawa wuri ɗaya, da kuma zancen da ke yawo bai isa ko'ina ba, irin "tittle-tattle".

Nau'i na uku shi ne mai amsa-amo, inda wasali da ƙarshen kalma suke zama, baƙin farko ya sauya. Shi ne ya fi yawa, shi ne kuma har yau ake ta haifar sababbi a cikinsa. A nan kalmar asali takan zo farko, ɗan rakiya ya biyo baya, kamar "super-duper", "easy-peasy", "teeny-weeny" da "okey-dokey". Wani abin lura da masana suka daɗe suna nunawa shi ne yadda da yawa daga cikin tsofaffinsu suke farawa da "h": "hocus-pocus", "hanky-panky", "higgledy-piggledy", "hurly-burly", "hodge-podge", "hoity-toity", "helter-skelter". Ɓangare na biyu kuma sau da yawa yana farawa da sautin leɓɓa, wato "p" ko "b" ko "m" ko "w". Idan aka duba da kyau, ƙa'idar ɗazu ce ta sake ɓullowa ta wata ƙofa. Sautin "h" numfashi ne kawai, babu abin da ya tare iska, shi kuwa "p" ko "b" sai leɓɓa sun rufe ruf sannan su fashe. Ko a inda babu "h", kamar "roly-poly", "razzle-dazzle" da "namby-pamby", baƙin da ya fi laushi ne yake gaba, wanda ya fi tauri yana baya.

Tarihin waɗannan kalmomi yana nuna yadda siffar take jan kalma zuwa gare ta, sannan ta ja ma'anarta. "Hodge-podge" daga kalmar Faransanci "hochepot" ta fito, sunan wani dafa-duka na nama da kayan lambu, wanda aka gina daga kalmar girgiza da kalmar tukunya. A Faransanci ɓangarorin ba su amsa juna ba, Ingilishi ne ya yi ta murɗa ta, ta zama "hotchpotch", sannan "hodge-podge", har ta amsa, ma'anarta kuma ta koma kowane irin tarkace da aka cakuɗa. "Willy-nilly" jimla ce da ta dunƙule, kamar yadda ka-ce-na-ce ta dunƙule a wajenmu. Asalinta "will I, nill I", wato ko na so ko na ƙi, kuma kalmar "nill" ta mutu a harshen, a nan kaɗai ta tsira. Abin sha'awa shi ne mutane da yawa a yau suna amfani da ita da ma'anar barkatai, ba tsari, ma'anar da babu ita a asalinta. Ta samo ta ne daga maƙwabtanta, domin ta yi kama da "higgledy-piggledy" da "pell-mell" da "helter-skelter", waɗanda duk hargitsi suke nufi. Ba kuma a iya cewa waɗannan kalmomi na marasa ilimi ne, tun da Shakespeare ya sa "hurly-burly" a bakin mayu a buɗewar wasansa na Macbeth, da ma'anar rincaɓewar yaƙi. "Hocus-pocus" kuwa ta bayyana a farkon ƙarni na 17 a bakin masu rufa-ido, waɗanda suke kwaikwayon amon Latin don su burge 'yan kallo. A 1694 an buga ra'ayin John Tillotson, babban limamin Canterbury, cewa gurɓata kalmomin addu'ar cocin Katolika ne, "hoc est corpus", wato wannan shi ne jiki, amma shi ɗan Furotesta ne da ke cikin jayayya da Katolika a lokacin, kuma masana da yawa suna ɗaukar bayanin nasa a matsayin wani ɓangare na jayayyar.

Kalmomi biyu sun isa su nuna yadda wannan siffa take iya zama makami. Ambrose Philips mawaƙi ne a Ingila wanda ya riƙa rubuta wa 'ya'yan manya waƙoƙi masu zaƙi da sauƙin kalmomi. A 1725 Henry Carey ya yi masa shaguɓe, ya ɗauki sunansa na farko ya mayar da shi yadda yaro zai furta, ya haɗa da harafin farko na sunansa na biyu, ya kira shi "Namby Pamby". Alexander Pope, wanda dama ba sa ga-maciji da Philips, ya ɗauka ya yaɗa. Yau kusan shekara 300 ke nan, kaɗan ne suka san Philips, amma kowa ya san "namby-pamby" na nufin rago mai sanyin jiki. Ta biyun ta shafe mu a Afirka ta Yamma. Francis Moore, ma'aikacin kamfanin cinikin Ingila a kogin Gambiya, ya rubuta a littafinsa na 1738 labarin wani dodo mai rufe fuska da Mandinka suke fito da shi don yanke rigimar cikin gida, ya rubuta sunansa "Mumbo Jumbo". Abu ne mai matsayi da tsari a cikin al'ummarsa. Amma da sunan ya shiga Ingilishi cikin siffar amsa-amo, sai ya faɗa rukunin "hocus-pocus", ma'anarsa ta koma surkulle da maganar da ba ta da kai. Raini irin na masu mulkin mallaka ya taka rawarsa, babu shakka, sai dai siffar kalmar ita ma ta taimaka wajen ɗorewar rainin, domin duk wanda ya furta ta a yau yana jin wasa a bakinsa kafin ya san daga ina ta zo.

Dalilin wannan ƙanshin raini bai ɓuya ba. Tun da a Ingilishi ninki ba shi da aikin nahawu, abin da ya fi alaƙa da shi a kunnen ɗan harshen shi ne maganar yara, saboda haka ninka sunan abu tamkar mayar da shi ƙarami ne. Idan ƙauna ce ta kawo shi sai ya zama lallashi, kamar "lovey-dovey" da "itsy-bitsy", idan adawa ce sai ya zama ƙasƙanci, kamar "fuddy-duddy" da "riff-raff". 'Yan siyasa sun san wannan sarai. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2004 magoya bayan George Bush sun liƙa wa John Kerry kalmar "flip-flop", wato mai sauya matsayi yau nan gobe can, kuma da yake kalmar ita ce kuma sunan silifa, sai wakilai suka riƙa ɗaga silifa a babban taron jam'iyyar Republican a New York. Da an ce ya sake tunani bayan ya ga sababbin hujjoji, da abin ya zama yabo. Kalma mai gaɓa biyu ta mayar da shi abin dariya. Akwai ma binciken da Matthew McGlone da Jessica Tofighbakhsh suka buga a 2000, wanda ya nuna cewa mutane sun fi ɗaukar magana a matsayin gaskiya idan tana da amsa-amo fiye da idan an faɗi ma'anar guda babu shi. Wannan yana cikin abin da ya sa "brain drain", wadda ta ɓullo a farkon shekarun 1960 lokacin da Birtaniya ke kukan ƙaurar masana kimiyyarta zuwa Amurka, ta kama bakin duniya. Wasu ƙalilan, irin su "walkie-talkie" ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da Wi-Fi da aka raɗa a 1999 bisa amon "hi-fi", sun wanke ƙanshin wasan sun zama sunaye kawai. Sauran kuwa da wuya a gan su a dokar ƙasa ko rahoton kimiyya.

Akwai wani reshe da Ingilishin Amurka ya aro daga Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai da suka yi ƙaura zuwa New York da yawa daga shekarun 1880. Ana maimaita kalma, a cire baƙinta na farko a sa "shm", don a nuna ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Wanda aka ce masa wuri na alfarma ne, "fancy", sai ya amsa da "fancy-shmancy", ma'ana alfarmar me. Bambancinsa da na baya shi ne ba jerin kalmomi ba ne da ake haddacewa, ƙa'ida ce da za a iya ɗora wa kusan kowace kalma nan take. Andrew Nevins da Bert Vaux sun yi nazarinsa a 2003, suka ga masu magana suna da tsari har a wurare masu wuya: idan nauyin kalma yana kan gaɓa ta biyu, wasu sukan tsallake ta farko su dasa "shm" a kan mai nauyin, su ce "obscene-obshmene", idan kuma kalmar dama da "shm" ta fara, sai su nemi wani sauti ko su fasa, domin dole ɓangarorin biyu su bambanta. Turkanci yana da makamancinsa da "m", kamar "kitap mitap", haka Hindi da Urdu da "w", kamar "chai wai", sai dai a can ma'anar ta fi karkata ga littafi da makamantansa, shayi da abin da ke bin sa. Ingilishi ya ɗauki rainin ne kawai.

Nau'in ƙarshe shi ne wanda ba a samu a ƙamus, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga Bahaushe ya gane. A 2004 masana huɗu, Jila Ghomeshi da Ray Jackendoff da Nicole Rosen da Kevin Russell, sun buga nazarin da ya shahara da misalinsa na farko. A Amurka da Kanada abubuwa da yawa ake kira "salad", da haɗin kifi, da haɗin dankali, da na 'ya'yan itatuwa. Idan mutum yana nufin na ganye, na ainihi, sai ya ce "SALAD-salad", ya danna murya a kan ta farko. Haka idan aka tambayi budurwa ko tana son wani, za a ce "like" kawai ko "LIKE-like", wato so na mutunci ko so na soyayya. Ɗalibin da ya ce zai tafi gida za a tambaye shi ko "HOME-home" yake nufi, wato garin iyayensa, ba ɗakin kwanansa na makaranta ba. Masanan sun nuna cewa wannan ninki yana hawa suna da aiki da siffa, yana iya kwafo aiki tare da wakilin sunan da ke bin sa, amma ba ya hawa ƙananan kalmomin nahawu irin su "the". A nan ne ninkin Ingilishi ya fi kusantar zama ƙa'idar nahawu, kuma ko a nan aikinsa yana da alaƙa da matsayin mai magana, domin yana cewa ne a ɗauki kalmar da cikakkiyar ma'anarta da kowa ya sani, ban da sassauci.

Inda gizo ke saƙa shi ne wannan ya yi hannun riga da abin da kunnenmu ya saba. Idan Bahaushe ya ce riga ja-ja ce, yana nufin jan bai cika ba. Idan Ba'amurke ya ce "RED-red", yana nufin jan ya cika, ba ruwan hoda ba, ba ruwan goro ba. Abin da muke yi da ninki shi da ɗafa-ƙeyar "ish" yake yin sa, ya ce "reddish", abin da shi kuma yake yi da ninki mu da amsa-kama muke yin sa, mu ce ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, ko mu ce na ainihi, na gaske. Mai fassara fim ko hira da ya mayar da "RED-red" zuwa ja-ja ya kifar da maganar gaba ɗaya. Turancin da ake yi a Najeriya da Gana, musamman Buroka, yana da nasa tsarin na uku, wanda ya gada daga harsunan yankin: "small small" na nufin sannu-sannu ko kaɗan-kaɗan, "well well" na nufin sosai, "sharp sharp" na nufin maza-maza. Waɗannan ba kurakurai ba ne, nahawu ne cikakke na wani nau'in harshe mai miliyoyin masu magana, kuma ya fi kusa da tsarin Hausa fiye da na Landan. Abin da ake buƙata shi ne mai magana ya san a wane tsari yake, ya san kuma a wanne mai sauraronsa yake.

Wannan nau'i na ƙarshe yana ƙara yaɗuwa, kuma dalilin yana cikin yadda fasaha take faɗaɗa tsofaffin kalmomi. Da aka samu littafin da ake karantawa a waya, sai aka buƙaci hanyar nuna na takarda, aka ce "BOOK-book", har kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya gina tallar kundin hajarsa a kan kalmar a 2014. Da Facebook ya kira duk wanda aka haɗu da shi a intanet "friend", sai aboki na zahiri, wanda zai zo gaisuwa idan an yi rashi, ya zama "FRIEND-friend". Da kantuna suka cika da madarar waken suya da ta almon, mai son nonon saniya a shagon kofi yakan ce a ba shi "MILK-milk", kuma mai sayarwa yakan gane nan take ko da bai taɓa jin an faɗi haka ba.